Hasken da muke watsarwa a ɗakin hoto

Aikina ɗaukar hoton mama a sashen eksire na asibiti. Tambayar da mata suka fi yi mini bayan an gama ita ce: "Malama, daji ne?" Sau da yawa hoton shi kaɗai ba ya iya amsawa. Mamogiram inuwa yake nunawa. Kitse yana fitowa da duhu, ƙulli kuma fari. To, maman da namansa ke da kauri, irin na matan da ba su manyanta ba, shi ma fari yake fitowa, sai ƙullin ya ɓuya a ciki. Shi ya sa a ƙarshe sai an ɗebi ɗan nama da allura an kai ɗakin gwaji.

Idan hasken eksire ya ratsa jiki, wani sashinsa yana kaucewa gefe. Mu wannan damuwa ce a gare mu, don yana dusashe hoto, har akwai faranti a cikin na'urar da aikinsa kawai tare shi. Masu bincike kuwa sun gano cewa wannan hasken da ya kauce yana ɗauke da bayanin yadda naman yake a ciki. Zaren kolajin da ke riƙe da mama mai lafiya a jere yake kamar saƙar tabarma, tsarinsa na maimaituwa kusan kowane nanomita 65. Inda sankara ta kama, jerin yana hargitsewa, kuma zoben da hasken da ya kauce ke fitarwa a allo yana canzawa. Binciken da aka wallafa a 2000 daga cibiyar Daresbury ta Ingila ya nuna haka a kan naman da aka ciro daga marasa lafiya. Ina fatan wata rana wannan zai rage wa mata zaman zullumin jiran sakamako.

Amma har yanzu abin yana hannun masu bincike, bai zama gwajin asibiti ba. A 1999 an taɓa cewa gashin kai ma zai nuna cutar ta wannan hanya, wasu suka gwada ba su samu haka ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sankarar mama ta kashe mata kimanin 670,000 a 2022, kuma yawancin waɗanda ke zuwa mana sai abin ya yi nisa. 'Yar'uwa, idan kin ji ƙulli a mama ko a hammata, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko da babu zafi, ki zo asibiti a makon nan.