Lambun Buhu a Gidan Haya: Yadda Ake Noman Kayan Miya a Ƙaramin Fili

Lambun buhu shi ne shuka kayan miya a cikin buhu, bokiti ko yankakkiyar jarka, a tsakar gida ko jikin katanga, inda babu filin da za a kafa fartanya. A Talata Mafara, Bakura da Maradun na Jihar Zamfara noman lambu ba baƙon abu ba ne. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sokoto, ta daɗe tana shayar da gonakin rani na waɗannan ƙananan hukumomi uku. Sai dai ba kowa ke da fili a Bakolori ba. Akwai ma'aikaci mai ɗaki biyu na haya, akwai ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, akwai kuma iyalan da rashin tsaro ya raba da gonakinsu suka dawo cikin gari. Ga irin waɗannan, buhu huɗu ko biyar ba za su maye gurbin gona ba, amma suna rage kuɗin cefane, kuma suna sa ganye ɗanye ya riƙa shiga tukunya.

Abu na farko shi ne mazubi. Buhun shinkafa ko na taki da aka wanke ya wadatar, haka ma jarka mai lita 25 idan aka yanke ta. A huda ƙasan mazubin a wurare da yawa, domin saiwar da ta kwana cikin ruwa ruɓewa take yi. Alayyafo da salak ba sa buƙatar zurfin da ya wuce taƙi guda, amma tumatir, kuɓewa da attaruhu suna son kusan kamu ɗaya. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko baƙin mai ba ta shiga wannan aiki, komai wankin da aka yi mata.

Ƙasa ita ce wurin da yawancin masu farawa ke faɗuwa. Kuskuren shi ne buhu cike da laka zalla, wadda ke daskarewa ta tsattsage da zarar rana ta buge ta, ko kuma yashi zalla, wanda ruwa ke ratsawa ya wuce bai bar komai ba. Haɗin da ya fi dacewa shi ne kashi biyu na ƙasar gona, kashi ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe, da kashi ɗaya na yashi ko ƙaiƙayin shinkafa. Ƙaiƙayin ba ya wuyar samu a yankin, tun da injinan casa suna tara shi. Maganar ruɓewar taki kuwa ba ta wasa ba ce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa cikin 'yan kwanaki. Takin da ya nuna baƙi ne, mai sanyi a hannu, ba ya wari.

Akwai gargaɗin da ya shafi Zamfara musamman. Gubar dalma da aka gano a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega, ta kashe ɗaruruwan yara, kuma ta fito ne daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ana haƙar zinariya a ƙasar Maradun ma. Saboda haka ba a ɗibar ƙasar shuka daga inda ake niƙa ko wanke dutsen ma'adinai, ba a kuma amfani da buhun da ya ɗauko shi. Ganye yana kwasar ƙurar, dafuwa kuma ba ta kashe dalma.

Zaɓen abin shuka ya kamata ya bi lokaci. Kowa tumatir yake so ya fara da shi, saboda shi ne ke tsada a kasuwar Talata, amma shi ne ya fi wahala. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, furensa kakkaɓewa yake yi bai ƙulla 'ya'ya ba. Ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta lalata gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Tumatir, salak, karas da albasa lokacinsu hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da ganye. Alayyafo yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, kuma idan aka yanke shi sama da tushe yana sake tohowa. Yakuwa, rama da lalo suna jure zafi, kuɓewa kuma tana fara bayarwa cikin kusan wata biyu. Zogale ɗaya a kusurwar gida ya isa kwaɗon iyali, muddin ana datse kansa idan ya kai ƙugu, don ya yi rassa maimakon ya miƙe sama.

A gidan da ake sayen ruwa wajen 'yan garuwa, ban ruwa ne ke yanke hukunci. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko ganye duk suna da amfani idan aka tara su a bokiti mai murfi. Ruwan wanki mai omo da ruwa mai gishiri ko mai ba su dace ba. A zuba da sassafe ko bayan la'asar, a gindin shuka, ba a kan ganye ba. Kafin a ƙara, a tura yatsa cikin ƙasar. Idan da danshi, a bari sai gobe. Rufe saman buhun da busasshiyar ciyawa yana rage ƙafewa sosai a bazara. Kada kuma a bar ruwa ya kwanta a ƙarƙashin buhu, domin nan sauro ke hayayyafa.

Shuka tana son rana ta kusan awa shida, kuma ta safe ta fi ta yamma sauƙi a kanta. A ɗora buhunan kan bulo, a ɗan janye su daga katangar ƙasa don kada danshi ya ci ginin. Jiƙaƙƙen buhu yana da nauyi, don haka rufin soro na azara ba wurinsa ba ne. A gidan haya, sanar da mai gida da maƙwabta tun farko yana kawar da saɓani. Kaji da awaki kuwa, ana kare shuka daga gare su da tsohon gidan sauro.

Ƙwari a ƙaramin lambu ba sa buƙatar maganin kanti. Tsutsa ana tsince ta da hannu. Ga ƙananan ƙwari masu tsotsar bayan ganye, ana daka 'ya'yan dogon yaro kimanin giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma. Fesa maganin gona mai ƙarfi a tsakar gidan da yara ke rarrafe, a kan ganyen da za a ci cikin mako, haɗari ne da bai kamata a ɗauka ba.

Iri ma ba sai an saya kullum ba. Ana barin alayyafo ɗaya ya yi kai, ko kuɓewa biyu su bushe a jikin uwa, a adana irin cikin kwalba da ɗan toka. Mai neman ƙarin bayani zai iya tuntuɓar malaman gona na ƙaramar hukumarsa ko Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura. Wanda ke da niyya ya fara da buhu biyu na alayyafo, ya ga yadda ruwan gidansa da ranar tsakar gidansa za su ɗauke su, sannan ya ƙara.