Ƙuna A Cikin Gida: Aikin Likita Da Naki Uwargida

Darasinmu na yau a kan ƙuna ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na hallaka kimanin mutum 180,000 a kowace shekara, kusan kashi biyu cikin uku a Afirka da kudu maso gabashin Asiya. Mata da ƙananan yara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin su ne kullum a bakin murhu.

Kafin Abin Ya Faru

Da yawanmu mun ɗauka aikin likita sai an ji ciwo yake farawa. Ba haka ba ne. Likitoci suna rubuta abin da ya kawo kowane majinyaci, daga nan suke gane inda hatsarin yake, su gargaɗe mu. Ga kaɗan daga ciki:

1. In za ki sirka ruwan wanka, fara zuba na sanyi, sannan na zafi, ki gwada da gwiwar hannu kafin ki sa yaro. Ruwan wankan jego kada a bar shi a tsakar gida ba kowa.
2. Tukunyar kunu ko man suya kada ki ajiye a ƙasa inda mai rarrafe zai kai.
3. Da hunturu kada a kwana da kaskon wuta a ɗaki.
4. Kada a ɗura kalanzir a risho ko fitila suna ci, kuma kada a ajiye fetur a ɗaki.
5. Mai farfaɗiya a kai ta ga likita ya ɗora ta a kan magani, kuma kada a bar ta ita kaɗai a madafa.

In Tsautsayi Ya Gifta

Ki zuba wa wurin ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, har tsawon minti 20. Ban da ƙanƙara. Cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, amma tufar da ta manne da fata ki ƙyale ta. Don Allah uwargida, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri ko toka. Ba sa warkarwa, wasu ƙwayoyin cuta suke kai wa ciwon, sannan su hana likita ganin zurfinsa. Kada ki fasa ƙurjin da ya ɗuri ruwa. Rufe da ƙyalle mai tsabta, ki lulluɓe sauran jikin yaron kada sanyi ya kama shi.

A garzaya asibiti in ƙunar ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko tana fuska, hannu, ƙafa, al'aura ko gaɓa, ko kuma ta lantarki ce. In wurin ya yi fari kuma ba ya zafi, kada ki ce da sauƙi. Alama ce wutar ta cinye jijiyoyin fata.

Abin Da Likita Zai Yi

Zai auna faɗin ƙunar. Tafin hannun majinyaci haɗe da yatsu kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatarsa. In ta yi faɗi zai sa ƙarin ruwa, domin jiki na tsiyayar da ruwa ta wurin ciwon, abin da kan kashe yaro a kwanakin farko. Zai ba da maganin zafi, a wanke ciwon, a duba rigakafin tetanos. In ta yi zurfi akan yi dashen fata. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano na cikin wuraren da ake wannan aiki.

Bayan sallama ki riƙa komawa ranar da aka ba ki, ki kuma dage da motsa gaɓar yadda aka nuna miki ko da yaro na kuka. Sakaci a nan ne ke sa yatsu su manne ko hannu ya ƙage har girma.

Allah Ya tsare mana zuri'armu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.