Idon Na'ura a Hanyar Kpandai zuwa Salaga

A fannin ganin kwamfuta, wato ilimin koya wa na'ura fahimtar abin da kyamara ta ɗauko, akwai abin da ake kira taswirar jan ido, wadda ke nuna sassan hoto da suka fita daban da abin da ke kewaye da su. Itti da Koch da Niebur ne suka fitar da sanannen tsarinta a 1998, inda na'ura ke auna bambancin launi da haske da karkatar layuka, sannan ta fara duba wurin da bambancin ya fi ƙarfi, kamar yadda ido ke fara sauka kan farar riga a cikin taron masu baƙaƙen kaya.

Na'urorin yanzu da ke gargaɗin direba kafin karo suna koyo ne daga tarin hotuna, kuma manyan tarin da masu bincike suka dogara da su, irin su KITTI da aka ɗauka a Karlsruhe da Cityscapes da aka tattaro daga birane 50, galibi na Jamus, cike suke da baƙar kwalta mai farin layi da sararin sama garau. Duk wanda ya yi aikin gwada kyamarorin irin waɗannan na'urori ya san cewa da zarar bambancin launi ya ragu, ganinsu ya yi rauni. Wannan kuwa shi ne halin hanyar Kpandai zuwa Salaga da ke arewacin Gana a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hazo ke rufe nesa, motar doya ta tayar da jar ƙura, jar akuya kuma ta saje da ƙasar da take tsaye a kai. A irin wannan yanayi hasken rana a kan rufin kwano zai iya jan idon na'ura fiye da yaron da ke tsallaka hanya, alhali yaron ne abin kiyayewa. Shanun da ke ratsa titin Yendi da amalanken jaki na Bawku ma ba su cika fitowa a hotunan Turai ba.

Saboda haka direban da ya sayi mota mai irin wannan kyamara kada ya ɗauki shirunta a matsayin shaidar cewa hanya lafiya take; ya rage gudu a cikin ƙura, ya riƙa goge gilashin da ke gabanta. Wajibi ne kuma masu bincike a jami'o'in Tamale da Kumasi su tattara hotunan hanyoyin arewacin Gana, na rani da na damina, domin a koya wa na'ura hanyar da za ta bi.