Kafin Ku Sayi Tanti

'Yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan sikawut masu shirin kwanan zango a harabar makaranta, kafin ku haɗa kuɗin tanti ku fara tsayar da watan da za ku kwana a cikinsa.

Idan bazara ce, daga Maris zuwa Mayu, zafi a nan Mada yakan kai digiri 40. Ƙaramin tanti mai ƙofa ɗaya ba taga, tanda ne kawai. Ku nemi mai tagogin raga biyu da ke kallon juna, mai launi fari ko ruwan ƙasa, domin baƙi zuƙar zafi yake yi.

Damina ta fi wuya, kuma iskar da ke zuwa gaban ruwa ita ta fi kayar da tanti. Kowane manomi ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa, saboda haka ƙofa ta kalli yamma. Wannan dabarar za ta yi muku amfani har da hunturu, tunda ƙurarsa daga arewa maso gabas take busowa. Mai rufi biyu ya fi: raga a ciki, mai hana ruwa a waje. Ku duba ɗinki sosai, ta nan yoyo yake farawa. Su kuwa siraran turakun da ake sakowa cikin jakar tanti, ban yarda da su ba. Da yashi ya jiƙa sai su tuge. Gara maƙeri ya yanko muku na rodi, masu tsawon kamu ɗaya.

In kuɗi ya gaza, ba abin kunya ba ne. Tamfol biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da igiya da gidan sauro mai magani sun fi tanti mai arha wanda zif ɗinsa ya mutu. Wanda zai sayi na gwanjo a Gusau ya buɗe shi a gaban mai shago, ya ɗaga shi sama ya duba huji a hasken rana, ya ƙirga sanduna. In an rubuta na mutum huɗu ne, ku ɗauka na uku ne, don jakunkuna ma suna cin wuri.

Kada risho ko kyandir ya shiga ciki. A 1997 gobara ta tashi a tantunan Mina, ta kashe alhazai fiye da 300, shi ya sa Saudiyya ta koma tantuna masu jure wuta. Namu na leda ne, cikin ƙiftawar ido yake narkewa.