Darasi Daga Magangarar Ruwan Gurara

Magangarar ruwan Gurara tana Jihar Neja, kusa da hanyar Suleja zuwa Minna. A nan kogin yakan faɗo daga kan dutse mai tsawon kamar mita 30, kafin ya wuce ya zuba cikin Kogin Kwara. Me ya jawo haka? Ruwa ya fi saurin cin dutse mai taushi, ya bar mai tauri a tsaye kamar bango.

Da damina ruwan yakan yi ja, ya yi ƙarfi, duwatsu su yi santsi. Ko gwanin iyo bai isa ya shiga ba. Da rani yakan lafa. Saboda haka, ɗalibai, in mun kai ziyara, mu fara gai da Gbagyin ƙauyukan wurin, mu tambaye su inda ake takawa. Sun fi mu sanin halin kogin.