Idan Ɗan Wasa Ya Yanke Jiki Ya Faɗi

Ranar Lahadi 8 ga Maris, 2020, Nasarawa United ta karɓi baƙuncin Katsina United a filin wasa na garin Lafiya, a gasar firimiya ta ƙasa, kakar da Jigawa Golden Stars tamu ma take cikin gasar. Kafin a tafi hutun rabin lokaci, mai tsaron bayan Nasarawa, Chineme Martins, matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya yanke jiki ya faɗi. Jama'a suka yi caa a kansa, kowa da irin tasa dabarar. Da aka ga abin ya fi ƙarfin fifita, aka nemi motar asibitin da ke ajiye a gefen fili. Aka murɗa makulli, mota ta ƙi tashi. Aka tura, ta ƙi. Sai a wata mota daban aka saka shi zuwa Asibitin Ƙwararru na Dalhatu Araf, kuma a can aka tabbatar da rai ya yi halinsa. A fili kuwa an ci gaba da wasa har aka tashi. Duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa zama a bencin gefen fili ya san cewa irin wannan mutuwar tana da zafi biyu: zafin rashin yaro, da zafin sanin cewa abin da zai iya cetonsa abu ne sananne, rubutacce, wanda doka ta riga ta wajabta.

Kwamitin da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ta kafa bai ɓoye komai ba. Ya gano cewa ƙungiyar ba ta da likita, ba ta da mai gashin ƙashi, wani ma'aikacin lafiya na matakin farko da ya yi ritaya shi ne shugaban sashen lafiyarta, kuma babu motar asibiti mai aiki a filin. Wannan fa ƙungiyar gwamnatin jiha ce, a babbar gasar ƙasar nan, shekara talatin da ɗoriya bayan Samuel Okwaraji ya faɗi ya mutu a filin Surulere ranar 12 ga Agusta, 1989, ana wasa da Angola. Tsakanin su biyun an rasa Amir Angwe na Julius Berger a 1995, an rasa Emmanuel Ogoli na Ocean Boys a 2010. Kowane karo a yi jimami, a kafa kwamiti, a ba da umarni. Bayan mutuwar Martins ma NFF ta ce kada a sake take wasa sai kwamishinan wasa ya duba kayan lafiya da ma'aikata, an kuma tayar da motar an gani. Umarni mai kyau ne, amma ihu ne bayan hari, kuma sai da ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, ta tsaya wa iyalinsa kafin maganar ta kai gaban kotu.

Abin da ke damuna shi ne, duk hirar da aka yi a lokacin ta taru a kan motar da ta ƙi tashi, har mutane suka ɗauka da ta tashi da shi ke nan. Ni ban yarda da haka ba. Zuciyar da ta tsaya ba ta jiran mota. Kowane minti ɗaya da ya wuce ba a danna ƙirji ba, ba a ɗora na'urar ba zuciya shoki, wato AED, ba, damar rayuwa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100, kuma daga minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Ka lissafa lokacin ɗaukar mutum a gadon ɗaukar majinyaci, da ratsa taron 'yan kallo, da buɗe ƙofar fili, da cunkoson titi. Ko sabuwar mota ce fil, gawa za ta kai. Makomar ɗan wasan da zuciyarsa ta tsaya ana yanke ta ne a kan ciyawar da ya faɗi, cikin minti uku na farko, a hannun waɗanda suka fara isa gare shi. Ƙungiyar da ta gane wannan tana ceton 'yan wasanta. Wadda ba ta gane ba tana sayen likkafani.

Hujjar a bayyane take. Wata goma sha biyar bayan Lafiya, ranar 12 ga Yuni, 2021, Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a Kofanhagen ana wasan Denmark da Finland. Kyaftin ɗinsu Simon Kjær ya ruga, alƙalin wasa ya yafito likitoci nan take, aka fara danna ƙirji a wurin, aka ba shi shokin sau ɗaya, zuciya ta dawo. Ba a motsa shi daga fili ba sai da ya farfaɗo. An dasa masa na'ura a ƙirji, ya koma wasa a Brentford a 2022, ya buga gasar cin kofin duniya a Katar. Kafin shi, Fabrice Muamba na Bolton ya faɗi a filin Tottenham ranar 17 ga Maris, 2012. Minti 78 zuciyarsa ba ta buga da kanta ba, amma hannu bai bar ƙirjinsa ba daga fili har asibiti, kuma yana nan da ransa. Kada kuma a ce ai Turai ce. Patrick Ekeng ɗan Kamaru a Turai ya mutu, a Bukares, a watan Mayun 2016, saboda ba a fara farfaɗo da shi a kan lokaci ba. Wurin da aka yi abin da ya kamata an tsira, wurin da aka yi sakaci an rasa rai, ko a wace nahiya ce.

To mu dawo gida. Wasan da ake bugawa a filin makaranta a Baturiya, ko gasar unguwanni a Kirikasamma, Guri, Auyo da Malam Madori, babu kwamishinan wasa balle motar asibiti. Daga Baturiya zuwa Babban Asibitin Haɗejiya ba tafiyar minti uku ba ce ko da rani, balle da damina idan kogi ya tumbatsa ya shafe hanya, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022. Wasu za su ce tunda haka ne, wannan magana ta manyan ƙungiyoyi ce, mu ba ta shafe mu ba. Ai mu ta fi shafa. Wanda asibiti ke bayan katangarsa yana iya yin ganganci ya sha, wanda fadama ta raba shi da asibiti ba shi da kowa sai mutanen da ke tsaye a kansa. Kuma abin da mutanen nan suka saba yi shi ne ke ƙona mini rai. Wani ya fasa fiya wata ya watsa masa a fuska, wani ya tuɓe riga yana fifita, wani ya ɗaga ƙafafu, wani ya ɗago shi zaune yana jijjiga shi, sannan gwanin cikinsu ya zo da cokali yana ɓanɓarar haƙora wai kada ya haɗiye harshe. Ba a haɗiye harshe. Ina maimaitawa, ba a haɗiye harshe. Minti biyun da aka ɓata ana kokawa da muƙamuƙinsa su ne minti biyun da ya kamata a ce hannu na kan ƙirjinsa.

Na san amsar da ake bayarwa: ai mun sha watsa ruwa mutum ya tashi. Gaskiya ne, ya tashi, domin suma ya yi, ko zafin Afrilu ne ya buge shi, zuciyarsa ba ta tsaya ba. Wanda zafi ya kayar yana numfashi, kuma shi ruwa da inuwa ne maganinsa, a sanyaya shi sosai tun a wurin. Matsalar ita ce mai watsa ruwa ba ya bambance su. Wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi fizge-fizge kamar mai farfaɗiya, yakan ja numfashi ɗai-ɗai mai kama da minshari, idonsa a buɗe, sai a ce ai yana numfashi, ko a ce iska ce ta taɓa shi a nemo mai ruƙiyya. Wannan jan numfashin gargara ce. Ƙa'idar da FIFA ke koyarwa gajeriya ce: ɗan wasan da ya faɗi ba tare da an yi karo da shi ba, kuma ba ya amsawa, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya har sai an tabbatar da akasin haka. Idan ka danna ƙirjin wanda suma kawai ya yi, zai motsa ya ture ka, iyakarta ya kwana biyu da ciwon haƙarƙari. Idan ka ƙi danna na wanda zuciyarsa ta tsaya, ka bar shi ya mutu kana kallo.

Sai maganar ajali, wadda ita ce mafakar kowane mai sakaci. Babu musulmin da ke jayayya cewa rai ba ya wuce wa'adinsa. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙon sababi, kuma wanda aka ba amanar rayukan mutane za a tambaye shi. Mutumin bakin kogin Haɗejiya ya yi imani da ƙaddara, duk da haka tun kafin ruwa ya iso yake cika buhuna yana ɗaga jinga, kuma idan wanda aka ɗora wa gyaran jingar ya cinye kuɗin, ba ya cewa Allah ne ya kawo. Shugaban ƙungiyar da ya cike gurbin likita da sunan ɗan'uwansa don a riƙa karɓar alawus, ranar da yaro ya mutu ba shi da bakin cewa kwana ne ya ƙare. Iyaye su ne za su faɗi haka, su yi haƙuri su sami lada. Shi nasa bayani ne a gaban hukuma.

Masu cewa babu kuɗi su ma a saurare su, domin ƙungiyoyin da 'yan wasa ke bin su bashin albashi ba ƙarya suke yi ba idan suka ce aljihu ya bushe. Sai dai danna ƙirji ba ya cin ko sisi. Yini guda ya isa a koya wa koci, alƙalan wasa, kyaftin da 'yan agajin da dama suna zuwa fili: tsakiyar ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, a riƙa karɓar juna, ba a tsayawa. Red Cross tana koyarwa, ma'aikatan asibitocinmu ma za su iya. Na yarda danna ƙirji shi kaɗai ba kasafai yake dawo da bugun zuciya ba, lokaci yake saye kafin AED ta iso, shi ya sa dole a neme ta. Kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin motar da ake jibgewa a gefen fili don ganin ido ba, da batir take aiki, kuma ita ke faɗa maka abin da za ka yi. Ƙaramar hukuma ɗaya, na'ura ɗaya, tana bin wasannin gasa, wannan bai fi ƙarfin ɗan siyasar da ke sa kofi da riguna masu hotonsa ba. Amma a riƙa duba batirin da ranar lalacewar faifan mannawa, kuma kada a kulle ta a ofis sakatare ya tafi da makulli. Na'urar da ke cikin kabad daidai take da babu.

Gwajin lafiya kafin kakar wasa kuma ana gudunsa don tsoron kada a ce yaro ya bar ƙwallo. Nwankwo Kanu gwajin Inter Milan ne ya gano masa ciwon zuciya a 1996, jim kaɗan bayan zinaren gasar Olamfik ta Atlanta. Aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya yi shekaru yana wasa a Arsenal da Portsmouth. Marc-Vivien Foé kuwa sai bayan ya faɗi a Lyon a watan Yunin 2003 aka gano kaurin tsokar zuciyarsa. Italiya ta wajabta gwaji da ECG, wato awon bugun zuciya, tun 1982, kuma binciken da aka yi a yankin Veneto ya nuna mutuwar fuju'a tsakanin 'yan wasa ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Gwaji ba ya kama komai, Eriksen ma an sha gwada shi, don haka ba ya ɗauke wa kowa shirin gefen fili. Amma takardar shaidar lafiya da ake saye a teburin wani ba tare da an ɗora wa yaro ko abin sauraron ƙirji ba, wannan ha'inci ne, kuma duk ma'aikacin lafiyar da ya sa hannu a kanta ya ci amanar aikinsa. Yaron da ya taɓa suma yana gudu, ko yake jin ciwon ƙirji, ko aka yi mutuwar fuju'a ta matashi a gidansu, a tura shi Kano, asibitin Malam Aminu Kano, a yi masa ECG da hoton zuciya. Mai zazzaɓi ba ya buga wasa, ko wasan ƙarshe ne. Ɗan kemis ɗin da ke yi wa yara allurar kashe ciwo da safiyar wasa, da mai sayar musu da tramadol wai don ƙarfi, su ji tsoron Allah. A wajen gwajin kuma a san jinin kowa, AA ne ko AS.

Idan kuma duk da haka aka rasa rai, ƙungiya tana da sauran nauyi. A tsayar da wasa. Ko Denmark da aka ceto ɗan wasanta, kocinta na lokacin Kasper Hjulmand ya ce bai kamata a ce sun koma fili a daren ba. Shugaba ya je gidan da ƙafarsa kafin iyaye su ga hoton ɗansu a Facebook, masu waya kuma su daina ɗaukar mutum yana gargara. A biya haƙƙinsa da inshorarsa ba tare da uwa ta yi ta sintiri a ofis ba, a kuma kula da abokan wasansa da suka gani da idonsu.

Alhaji mai sa kofi, koci, malam alƙalin wasa, kafin a busa usur a gasa mai zuwa ku amsa tambaya uku a gaban kowa: wa zai danna ƙirji, ina AED, wace mota ce kuma an tayar da ita? Idan ya faɗi ba ya amsawa, a danna ƙirji. Ban da cokali, ban da ɗaga shi zaune, ban da gudu da shi ba hannu a ƙirjinsa. Idan babu wanda ya iya, alƙali ya ƙi take wasan, ko waye ya sa kofin.