Ruwan Tibiri da Darasin Sinadarai

Mun karanta a Ishmawi cewa ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa kafin a yi tsarki da shi. To, akwai abin da ukun nan ba sa tonawa.

Tun daga 1985 mutanen Tibirin Gobir suka yi shekaru suna shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa ne garau, alwala ta inganta da shi. Amma sinadarin fulor da ke ciki ya ninka miligiram 1.5 a lita, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, fiye da sau uku. Fulor yakan kama kalsiyom na ƙashi da haƙori, shi ya sa haƙoran yara suka rine, ƙafafun wasu suka lanƙwashe. Tafasawa ba ta fitar da shi, domin ruwan ne ke tashi tururi, shi kuwa ya zauna.

A ganinmu, da wannan ya kamata malaman shimi na makarantun lise na Maraɗi su koyar da awon miligiram a lita. Sannan su kai ɗalibai gonakin rani na Jiratawa, a bi sawun inda ragowar takin zamani ke gangarawa.